Benen da Na Gina da Bakina

Ina gaishe ku, iyayena da 'yan'uwana, cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Sunana Yohanna, amma na san yawancinku Rediyo kuke ce mini a bayan idona. Na yafe muku, domin yau a kan wannan bakin zan ba da shaida.

Na yi wauta. Na gina bene mai ɗaki goma sha biyu a filin ƙwallo, ba siminti, ba bulo, kuma ya kusa faɗo wa iyayena a ka.

Tun da aka haife ni ba mu taɓa kwana a gidanmu na kanmu ba. Baba ƙaramin ma'aikacin asibiti ne. Mun yi haya a Kebbe, mun yi a Dogon Daji, a nan Tambuwal mun sake gida sau uku. Da mun fara sabawa, sai mai gida ya zo da fara'a ya ce ɗansa zai yi aure, ana bukatar ɗakin. Har ya kai in na ji kiɗan biki a unguwa sai in fara naɗe tabarmata. Mama ma zogalenta a bokiti take shuka shi, don ya bi mu duk inda za mu.

Ranar da muka tare a gida na uku, abokina Bashar, jikan mai unguwa, ya tsokane ni a filin ƙwallo. Ya ce kayanmu sun fi ɗan acaba sanin hanya. Yara suka kwashe da dariya. Zuciya ta ɗebe ni, na ce su bar ganinmu haka, a garinmu Baba yana da bene, har awakinmu fanka ake kunna musu. Na ji daɗin yadda suka yi tsit. Na manta da maganar.

Bayan wata biyu aka kawo shirin taimaka wa ƙananan ma'aikata su mallaki gida. Gwamnati za ta biya wa mutum kafin alƙalami, saura a riƙa cira kaɗan-kaɗan daga albashi. Sharaɗin shi ne mai unguwa ya sa hannu cewa ba ka taɓa mallakar gida ba ko'ina. Baba ya cike fom, ya goge rigarsa, ya tafi. Ya dawo da takardar yadda ya tafi da ita. Mai unguwa ya ce ya ji daga cikin gidansa cewa muna da bene, shi kuwa ba ya sa hannu a kan abin da yake shakka.

Baba bai zage ni ba, bai ma san ni ne ba. Ya zauna yana juya takardar yana tambayar Mama wa ya ƙi mu haka a garin nan. Ranar Juma'a za a rufe karɓar fom.

'Yan'uwa, na kasa zama wuri ɗaya. In shiga ɗaki, in fito, in leƙa bokitin zogale, in koma. Abinci ya fita raina, kwano biyu kawai nake iya ci. Ran Talata da yamma na zo nan majami'a, na durƙusa a bencin baya. Addu'ata ta farko ita ce Allah ya sa mai unguwa ya manta. Na maimaita ta har gwiwata ta yi ciwo, zuciyata ba ta kwanta ba. Daga baya na ce, "Ubangiji, ni na yi ƙaryar, ka ba ni ƙafar zuwa in kwance ta." A nan ne numfashina ya dawo.

Da safe na faɗa wa Baba. Ya ce in sa takalmi.

A zauren mai unguwa na cire takalmin, na tsuguna a gaban dattawa, Bashar yana leƙe ta ƙofa. Na faɗi komai. Tsohon ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To, awakin fa? Su ma an kashe musu fankar?"

Dattawa suka yi dariya har ɗaya ya sarƙe. Na ce ko kaza ba mu da ita, ranka ya daɗe.

Mai unguwa ya daina murmushi. "Yaro, jiya ka ce akwai, yau ka ce babu. Da wanne nika aiki?"

Ya ce sai an kawo masa takarda daga mai unguwar da muka zauna wurinsa a Kebbe, wanda ya san Baba tun yana saurayi, har ya taɓa raka shi garinmu. Kuma ni zan je, tunda bakina ne ya jawo. Yayan Bashar ya ɗauke ni a babur. Wanda ya san hanyar Kebbe ya san abin da na gani. Kowane rami sai da na tuba a cikinsa, hanjina kuwa ina jin har yau wani yankinsa yana can gefen hanya. Tsohon na Kebbe ya rubuta takardar, ya ce in gaida masu bene.

Ran Alhamis mai unguwa ya sa hannu. Ya ce wa Baba ya gode da bai ɓoye ɗansa ba.

Ina gode wa Yesu da ya cece ni daga harshena, ya kuma tsare iyayena daga abin da na jawo musu. Matasa 'yan'uwana, in kunya ta kama ku, ku kai ta wurin Ubangiji kafin ku kai ta filin ƙwallo. Ku dogara gare shi, yana ji.

Sunan Baba ya fito cikin waɗanda suka sami gida. Gidan yana bakin gari, ɗaki biyu ne da falo, ba a jawo wuta ba tukuna. Makon jiya Mama ta fasa bokitin, ta dasa zogalenta a ƙasa.