Kada a Buga Ƙusa a Katakon Usta Normurod

Maza ashirin nake roƙo ranar Asabar, su taya mu ɗaga katakon gini, kuma don Allah kada kowa ya zo da ƙusa.

Af, ko gaisuwa ban yi ba. Liman, barka da zama. Baba Ergash, dattijon unguwa. Inna Holbibi, matar mamaci, sannu da haƙuri. Ni ce Zebo, mai tsintar zabibi. Ban taɓa magana gaban maza ba.

Yau Usta Normurod, gwanin kafinta, kwana arba'in da rasuwa. Ya kasance in ya sare terak ɗaya, dogon itacen nan da muke gini da shi, sai ya dasa uku. Ya kasance yana ce mana rumbun shanyar inabinmu ya girmi kakansa, kuma ba a taɓa dattijo da guduma. Shi ya sa ɗakin da ya soma mana, mu masu goyo, zai tsaya da ƙafafunsa, ba zai jingina da tsohon bango ba.

Jiya na ji Kudrat, wanda zai ƙarasa aikin, yana cewa, "Tsoho hannunsa ya riga ya mutu, duk haɗin sako-sako ne. A buga ƙusa a huta."

Wallahi ba haka ba ne! Ni ma na tsokane shi: "Usta, waɗannan ai haƙoran kakata ne, sai girgiɗi." Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya haɗa 'yan sanduna a faranti, ya ɗora kofin shayina, ya girgiza. Jama'a, sanduna na rawa, shayi bai zube ba! Ya ce, "'Yata, ƙasarmu tana motsi, girgizar ƙasa ba baƙuwarmu ba ce. Katakon da aka bari ya yi rawa ya tsira, wanda aka ɗaure da ƙusa tsagewa yake."

Ɗana Sanjar watansa bakwai. Ƙarƙashin katakon nan zan kwantar da shi in ina tsinta. Tsorona ke nan.

Kowane katako Usta ya yi masa tsaga da wuƙa, mai uku ya shiga mai uku. Ban iya karatu ba, amma wannan na iya! Ku ɗaga kawai, ni zan nuna. Inna, share hawaye, a ciki za ki sha shayi kafin ƙanƙara ta sauka.

Na gode. Allah ya jiƙan Usta, ya sa inuwar itatuwansa ta bi shi kabari.

Maganar ƙusar nan na riga na gaya wa mijina ta waya, yana Rasha. Na gaya wa surukata, ta ce in rufe bakina. Kudrat kuwa, yanzu ya ji tare da ku.