Idon Kwamfutar Muslimat

A tashar Birnin Gwari, ana jiran motar Kaduna ta cika, Muslimat, malamar firamare daga Kuyello, tana zaune a cikin motar, ta rungume wani abu naɗe cikin zani. Dattijuwar da ke gefenta ta kasa haƙuri.

"'Yata, jinjiri ne?"

"Kwamfuta ce, Mama. 'Yar fitilar kyamararta ke kunna kanta. An ce in ta kama, wani ne daga nesa yake ɗaukar hotona. Sati biyu ke nan sai na sa hijabi nake buɗe ta."

"In ta mutu fa?"

"An ce ƙwararrunsu suna kallo ko ba ta kama ba."

"Ikon Allah! Ta kama ana kallonki, ta mutu ana kallonki. To mene ne amfanin fitilar?"

"Shi ya sa zan kai wa mai gyara."

"Ki ratsa wannan dajin don ki miƙa wa baƙon namiji hotunanki da hannunki?"

Wannan bai taɓa zo wa Muslimat a rai ba.

Dattijuwar ta zaro filasta daga jaka. "Ungo, manna mata a ido, ki koma gida."

Muslimat ta manna, ta sauke ƙafa ɗaya daga mota, sai ta tsaya.

"Mama, to kunnenta fa? A ina yake?"