Kofina Da Ya Yi Wata Bakwai Yana Komawa A Cike

Iyayena mata da 'yan'uwana na zumuntar mata, ina gaishe ku da sunan Yesu mai cetonmu. Ku yabi Ubangiji! Halleluya!

Sunana Rahila. Ɗinki nake yi a Goronyo, ni ce kuma shugabar mawaƙa a 'yar ikilisiyarmu. Waɗanda suka riga ni tsayawa a nan, wata ciwo aka warkar mata, wata haihuwa ta samu. Ni tawa shaidar da kunya a cikinta. Daga gaba Ubangiji ya fitar da ni, gabar da ta hana ni cin Jibin Ubangiji wata bakwai cur. Kuma a kan me? A kan waƙa! Ku yi dariyarku, ni ma yanzu ina yi, amma a lokacin wuta ce a ƙirjina.

Ga waɗanda ba su san wajenmu ba, mu kaɗan ne. Na Goronyo, na Rabah, na Wurno, in aka haɗa mu duka da kyar muke cika ɗaki. Fasto ɗaya gare mu, don haka Lahadin farko na kowane wata muke haɗuwa a Wurno, da yake ita ce tsakiya, mu ci Jibi tare. Ni ke zaɓen waƙoƙin ranar. Aikin nan, wanda bai taɓa yin sa ba gani yake wasa ne. Matan Rabah su ce in babu kiɗan tulu da caki ba su ji an yi sujada ba. Samari su ce a bar musu fiyano. Tsofaffi su ce Jibi ba biki ba ne. Kowa da tasa, kuma duk a kaina ake saukewa.

Duk da haka nakan zauna in tsara abina tsaf: ɗaya ta lokacin gurasa, ɗaya ta lokacin ƙoƙo, wato shan ruwan inabi, ɗaya ta godiya. In rubuta a takarda, mu yi sati uku muna koyo har muryata ta dishe.

Sai Baba Istifanus.

Baba Istifanus dattijon ikilisiya ne, ya fi shekara arba'in a Wurno, har bakinsa ya koma na Sakkwatawa. Shi ke ɗaukar tiren ƙananan kofuna yana bin layi yana raba wa mutane. To, da zarar ya ɗaga tiren nan, kafin in buɗe baki, sai ya ɗauko waƙa. Kuma kullum ita ɗaya ce, wata tsohuwar waƙa ta cikin littafinmu, yana jan ta a hankali kamar amalanke ya ɗauko albasa zuwa kasuwar Gandi. Wa zai bar tsoho yana waƙa shi kaɗai? Sai jama'a su amsa masa. Ni kuwa in tsaya da takardata a hannu kamar wadda aka aika ta manta saƙo. Wata ɗaya, wata biyu, shekara guda! Haba!

Ran nan na same shi bayan sujada, na rusuna na ce, "Baba, don Allah, waƙar ƙoƙo mun riga mun shirya ta. Ka bar mana."

Ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, bar min wagga guda. Mi za ta rage miki?"

Na ce, "Baba, ko akwai dalili?"

Ya ce, "Ina dai son ta."

Yana dai son ta! Ni fa, nawa waƙoƙin ƙin su nake yi? Sai na kai magana gaban komitin ikilisiya. Na yi bayani da kyau, kun san bakina. Na ce tsari shi ne tsari, in kowa zai ɗauko tasa to a sallame ni. Aka yanke cewa lokacin Jibi shugabar mawaƙa kaɗai ke ɗauko waƙa. Baba yana zaune, bai yi musu ba. Cewa kawai ya yi, "To, na jiya."

Wata na gaba na zo da tawa, mai ɗan sauri, da tulu a ƙarƙashinta. Daɗi kam ta yi. Baba ya ɗauki tire, ya yi taku uku, na huɗu sai kofuna suka fara karo da juna. Kafin ya kai layi na biyu tiren ya karkace, ruwan inabi ya kwarara a kan farin zanen wata baiwar Allah daga Rabah. Coci ya yi tsit. Waƙata ta mutu a tsakiya.

Da ina da hankali, da tausayi na ji. Haushi na ji, wai ya ɓata mini waƙa. Muna fita waje na ce wa mawaƙana, da ƙarfi kuwa, "Wanda bai iya riƙe tire ba, shi ne zai zaɓa mana waƙa?" Ina juyawa sai ga Baba a bayana, yana ɗaura takalmi. Ya ji. Na san ya ji. Bai ɗago kai ba.

Daga ranar ya ajiye ɗaukar tire, ya ce a ba wani dattijon. Shi ya koma bayan coci yana wanke kofuna in an tashi. Ni kuma, borin kunya, sai na ɗauke masa gaisuwa. In ya ce, "Rahila, kin zo lahiya?" sai in amsa a maƙoshi in wuce. Ni na yi laifi, ni ke fushi. Kun taɓa ganin irin wannan? Girman kai rawanin tsiya, iyayena, ni na naɗa shi har da kunnuwa.

To ga inda gizo ke saƙa. Kowane wata kafin a raba gurasa, Fasto yakan gargaɗe mu cewa duk mai riƙe da ɗan'uwansa a zuciya ya je su shirya tukuna, kada ya ci wa kansa hukunci. Ni kuwa ina tsoron Allah gwargwadon hali, ba zan iya miƙa hannu ba. Amma in na ƙi ci a fili, kun san mu mata. Kafin motar Rabah ta kai gida an gama yanke cewa Rahila tana ƙarƙashin horo, saura a gano da wa ta yi laifin.

Sai na samo dabara. Shugabar mawaƙa ita ake ba wa a ƙarshe, don tana tsaye tana ba da waƙa. Saboda haka na daina zaɓen waƙa don abin da take faɗi, na koma zaɓe don tsawonta. In tire ya iso gabana, bakina a buɗe, ina tsakiyar baiti, sai in ɗaga hannu alamar a ajiye mini. A ajiye a kan tebur. In ƙara amshi, in sake ƙarawa, har Fasto ya gaji ya rufe da addu'a. Kowa ya tashi, ba wanda ya lura.

Kun san har ina na kai? Wani wata waƙar godiyar kaka na sa aka yi a kan Jibin Ubangiji, don ita ce mai baiti da yawa. Ana tuna mutuwar Almasihu, mu muna ta gero da dawa! Fasto ya dube ni ta saman tabarau, na kau da kai. Abin takaicin, bayan sujada wata ta rungume ni tana cewa, "Mama Rahila, yau Ruhu ya sauko miki, kin ƙi sakin waƙa." Ruhu? Ɓuya nake yi! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Wata bakwai ina ba mutane waƙa suna ci suna sha, ni ina komawa Goronyo da yunwa. Addu'ata ta bushe. Mijina in ya yi tari sai na yi masa faɗa. Na yanka wa wata mata atamfa hannu biyu duk na dama. Ko addu'ar da nake yi, ku ji irin ta: "Ubangiji, ka taɓa zuciyar tsohon nan ya zo ya ba ni haƙuri." Haƙurin me? Oho!

Wata safiya ina kan keken ɗinki, littafin waƙoƙi a cinyata ina ƙirga baitoci don Lahadi mai zuwa, sai na ga dogayen duk sun ƙare, na yi su duka. Na rufe littafin, na kifa kai a kan keken na fashe da kuka. Na ce, "Yesu, na gaji. Na gaji da ƙarya da bakin da nake yabonka da shi. Ina jin yunwar teburinka. Ni ba zan iya zuwa wurin tsohon nan ba, ƙafata ta ƙi. Ka fitar da ni ta hanyar da ka ga dama, amma don Allah kada ka kunyata ni a gaban matan Rabah." Ya amsa rabin farko. Rabi na biyun, ya ga ba shi da amfani a gare ni.

Lahadi ta zo. Na maimaita wata mai sauri, tire ya iso, na ɗaga hannu kamar kullum, aka ajiye nawa a tebur. Ina cikin ƙara amshi sai na ga Baba Istifanus ya tashi daga bencin baya. Ya je teburin, ya ɗora gutsuren gurasa da kofina a kan ɗan faranti, ya juyo ya nufo ni.

Na ce a zuciyata, "Ubangiji, ka zaunar da tsohon nan! Me kuma ya kawo shi?" Farantin yana rawa a hannunsa, kofin yana ƙara, ƙar-ƙar-ƙar, ruwan yana taɓa baki. Idon kowa ya koma kansa. Na san in ya zube, sau biyu ke nan a gaban jama'a, kuma wannan karon saboda ni.

Sai na lura da leɓensa. Motsi yake yi, amma ba waƙata yake bi ba. Tasa yake yi a ciki, yana neman ya ɗora ƙafa a kan kowace kalma, tulunmu kuma yana rikita shi. A nan Ubangiji ya buɗe mini ido. Ashe waƙar nan ita ce sandarsa! Da ita yake auna taku, da ita yake riƙe numfashi hannun ya lafa. Ni ce na fizge wa tsoho sanda, da ya faɗi na yi masa dariya.

Na ce, "Yesu, ka gafarta mini." Na ɗaga wa mai tulu hannu ta tsaya. Sannan ni, Rahila, da bakina da na kai ƙara gaban komiti, na ɗauko waƙar Baba. Na ja ta a hankali, yadda yake jan ta. Jama'a suka amsa. Ƙarar kofin ta ragu, ta ragu, ta ɗauke. Ya taho taku ɗaya-ɗaya har gabana, ko ɗigo bai zuba ba.

Ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Ɗiyata, wata bakwai ni ka wanke kohunan ga, kullum sai in iske guda cike. Ni ka shanye shi, ga shi likita ya hana ni zaƙi. Amshi abinki."

Na durƙusa ina kuka na ce, "Baba, ban cancanta ba. Na ci mutuncinka, ka kuma ji."

Ya ce, "Na jiya, na kuma yahe tun rannan. Ke ta ba ki zo kin amsa ba. Yi maza, hannun ga nau ba shi da alkawali."

Na karɓa. Dole na yi shiru don in ci in sha, kuma kun san me? Waƙa ba ta mutu ba. Jama'a suka riƙe ta ba tare da ni ba, har da matan Rabah, babu tulu babu caki. Ku yabi Ubangiji!

Bayan an tashi na bi shi bayan coci muna wanke kofuna tare. Na ce, "Baba, kai ma ka cika rigima. Me ya hana ka gaya mini tun farko?" Ya yi dariya ya ce, "In ce mi? In ce hannuna na rawa, yara su amshe min tire? Ke da naki girman kai, ni da nau. Allah dai ya gahwarta muna."

Na koma gaban komiti na janye maganata da bakina, aka mayar masa da tirensa. Kada ku ɗauka komai ya zama zuma. Waƙar nan har gobe jan ta yake yi kamar ba za ta ƙare ba, samari suna gunaguni, ni ma wani lokaci sai na cije leɓe. Amma yanzu in na zauna zaɓen waƙar Jibi, ba na fara tambayar wadda ta fi daɗi ko wadda ta fi tsawo. Nakan tambayi kaina: wa zai yi tafiya a kanta? Akwai mai rawar hannu, akwai mai nauyin zuciya, kuma duk so ake su isa teburin.

Na gode wa Yesu da bai bar ni da wayona ba. Na gode masa da ya aiko mini da jinƙai a hannu mai rawa. 'Yar'uwata, in kina nan kina ɓuya a bayan waƙa, ko bayan girki, ko bayan hidimar zumunta, kina cewa ba wanda ya lura, ki daina wahalar da kanki. Akwai mai wanke kofuna, ya san wanda yake komawa a cike. Ki dogara ga Ubangiji, ki je ki nemi gafara tun yau, ki amshi abinki.

Ku yabi Ubangiji! Halleluya! Amin.