Shingen Da Na Yi Wa Albasar Kwaɗi

Shugaban taro, shugabar makaranta, masanan da suka yo tattaki daga jami'a, 'yan uwana malamai, iyayenmu mata da maza, da dukan jama'ar da ta cika wannan zaure, assalamu alaikum.

Ina godiya da kuka bar ayyukanku kuka zo, ina kuma godiya da wannan lambar yabo da aka rubuta a jikinta cewa ni na ceci furen fadama. Amma ba zan karɓe ta ba, domin kunya ba za ta bar ni ba. Ku saurare ni in faɗi abu uku, sannan ku yi mini hukunci.

Na farko shi ne furen kansa. Wata irin albasar kwaɗi ce mai farin fure da jan zane a tsakiya, wadda take fitowa a fadamar bayan makarantar nan idan ruwa ya sauka, ta yi kwana goma a buɗe, ta rufe. Masananmu sun ce ba su san inda ta rage ba sai nan. Shekara uku da suka wuce na shiga da ɗalibaina muka ƙirga, muka samu ɗari biyu da sha ɗaya.

Na biyu shi ne abin da na aikata. Ranar ƙirgar na ga sawun shanu a laka, raina ya ɓaci. Shanun kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, ga shi can zaune a bakin ƙofa. Ni na kafa kwamiti, ni na rubuta takarda, ni na tsaya aka zagaye fadamar da waya. Ana cikin kafa turaku Kawu ya zo ya ce mini, "Ɗan nan, shanun nan su suke yi mata aski. Da rani su cinye doguwar ciyawa, da ruwa ya sauka in janye su. In ka hana su, ciyawa za ta shaƙe ta." Sai na yi dariya a gaban ɗalibai, na ce, "Kawu, wannan maganar kimiyya ce, ba ta kiwo ba." Mutumin da ya ɗauke ni a kafaɗa ina yaro na faɗa wa haka. Ya kora shanunsa, kuma tun daga ranar yake tafiyar awa biyu kafin su sami abin ci.

Shekarar farko muka samu ɗari da arba'in, na ce ƙarancin ruwa ne. Bara muka samu sittin, na ce fara ce. Bana na kutsa cikin ciyawar da ta fi ni tsawo, na durƙusa ina lalube da hannu, na samu bakwai. Bakwai, jama'a! Hotunan da kuka gani a rahoto kuka yaba mini, tsofaffi ne, kuma na sani na yi shiru.

Na uku, shekaranjiya na je gidan Kawu, na zauna a ƙasa, na ce, "Kawu, na tuba. Gobe da sassafe ka kai shanu." Ya ce, "Har yanzu dai gaggawarka tana nan. In na kai su gobe, bakwai ɗin za su tattake. Sai ta zubar da iri, ganye ya bushe, wata huɗu ke nan." Na ce, "To, kana ganin za ta kai?" Ya ce, "Ban sani ba, ɗan nan. Da bara ka zo, da na ce maka za ta kai."

Bara ina da sittin a hannuna, girman kai ya hana ni taka ƙafa zuwa gidan da bai fi tafiyar minti goma ba.

Saboda haka ina roƙon kwamiti ya sauke ni, ya damƙa fadamar a hannun wanda ya san ta. Kawu, ka yafe mini.

Allah ya mai da kowa gida lafiya, ya raba mu da raina na gaba da mu, ya kuma raya bakwai ɗin nan har zuwa damina mai zuwa, don kada a ce a hannuna ta ƙare. Na gode.