Batirin Agogo a Ƙundun Kazata

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Maman Sadiya daga Roni, kuma wallahi na gaji da magana a gida, shi ya sa na kawo ta rediyo.

Maigidana gyaran agogo yake yi a Kazaure. Ƙananan baturan nan masu kama da maɓalli, in sun mutu sai ya zuba a aljihu, ya zo gida ya kakkaɓe su a tsakar gida. Na yi magana har bakina ya gaji. Kullum amsarsa ɗaya ce: "Ke dai kin cika mita, abin da bai kai ƙwayar wake ba me zai yi?" Ni kuwa in share in kai juji, kaji su bi suna tono.

Ran Juma'a muka yanka kaza. Da na tsaga ƙundun, sai ga batiri a ciki ya yi tsatsa, naman gefensa ya yi baƙi ƙirin. Na rasa yadda zan ba yarana, na haƙa rami na binne ta.

Kun san ƙundu na maigida ne. Da ya zauna cin tuwo ya ce, "Ina ƙunduna?" sai na ajiye masa batirin a gabansa. Ya tsura masa ido.

To yanzu ya tara su a gwangwani, ni ya bar wa. In na kai juji, da bazara gona za su tafi cikin taki. Don Allah masu sauraro, ina zan kai su?