Idan Aka Gyara Katin

A bencin jira na wani mai gyaran kwamfuta a kasuwar birnin Comayagüela, Marleni na zaune rungume da kwamfutarta.

"Me ya same ta, 'yata?" in ji dattijon da ke gefenta.

"Manhajar Linux na sa mata da kaina, Baba. Tun ranar ta daina kama intanet."

"Wannan ai ba ciwo ba ne. Katin da ke kamo intanet ne Linux ɗin bai gane ba. A jona waya, a sauko da abin da ya rasa, shi ke nan. Minti goma aka yi wa tawa."

"Minti goma kacal?"

"Ji ki don Allah, kamar na kawo miki saƙon mutuwa!"

"Ta nan mijina yake kiranmu duk Lahadi, tun da ya kama hanyar arewa, zai tsallaka ƙasar waje neman aiki. 'Yarmu Dilcia har kitso take sa ni in yi mata."

"To ai Lahadin nan za ta ga babanta. Yaushe abin ya tsaya?"

"Mako biyu ke nan."

"Kiransa na ƙarshe fa?"

Marleni ta shafa murfin kwamfutar. "Wata uku. Daga bakin iyaka."

Dattijon ya cire hularsa, ya ɗora a gwiwa.

"Na ce wa Dilcia kwamfutar ce ta hana shi kira, Baba. Ta yarda, har ta koma cin abinci. Ita ta matsa in kawo gyara."

Mai gyara ya leƙo. "Wa ke biye?"

"Ke ce, 'yata."

"Shiga kai, Baba. In aka gyara yau, me zan gaya mata ranar Lahadi?"