Yatsan da Ya Kusa Raba Ni da Yayata

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Dattawa, iyayenmu na zumuntar mata, matasa, salama a gare ku. Wanda bai san ni ba, ni ne Dauda tela na bakin tasha. Waɗanda suka san ni kuwa, na ga idonku yana kan ƙafata. Ku duba da kyau, yau da takalmi na zo!

Iyayenmu sun rasu ina ƙarami, Yaya Hadiza ce ta goya ni. Da na karɓi Yesu ina saurayi, dangi da yawa suka ɗauke ƙafa daga wurina. Ita ba ta ce mini uffan ba, ba yabo ba zagi. Sai ranar layyar waccan shekarar, ina zaune ni kaɗai, na ji sallama. Ga Yaya da kwano a hannu. Kun san yadda ake yi a nan: ranar farko rago yana jikin itace yana shan wuta, kayan ciki ake soyawa a ci. Ta buɗe, hanta ce da ƙoda da zuciya, da zafinsu. Ta zauna bakin tabarma ta ce, "Ci in gani."

Na ci ina hawaye. Tun daga ranar, duk layya da ƙafarta take zuwa, ba ta aike, kuma ba ta tashi sai ta ga na ci. Abin da ba ta faɗa da baki ba, kwanon nan yake faɗa mini: har yanzu kai ƙanena ne.

Ni kuma Allah ya yi ni da son hanta. Mahautan tasha da sun hango ni sun san abin da za su yanka. A shago lemon kwalba ne ruwana, ruwan randa sai in ƙishi ya matsa. Tumbi ya fito, ina ta murna wai albarka ce.

Wata shekara, bayan layya, na farka da safe babban yatsan ƙafata ta dama kamar an sa shi cikin garwashi. Ya kumbura, ya yi ja, yana sheƙi. Ko zane ya taɓa shi sai na yi ihu. Matata Rifkatu ta kakkaɓe shimfiɗa tana neman kunama, ba ta ga komai ba. Ku tuna, da wannan ƙafa nake taka keken ɗinki, da ita nake ci da iyali. Na sayi ƙwayoyi wurin masu talla na sha, bayan 'yan kwanaki ya lafa, na manta. Layya ta zagayo, ya dawo. Ta sake zagayowa, ya dawo da ƙarfi fiye da da.

Sai magana ta fara. Wani ɗan'uwa ya zo duba ni, da zuciya ɗaya ya zo, na sani. Ya rage murya ya ce, "Dauda, ba ka lura ba? Kullum bayan layya. Ko dai Ubangiji na nuna maka ka bar naman nan, ko kuwa ana sa maka wani abu ciki."

Na ji haushi ƙwarai. Amma maganar ta shiga, ta samu wuri ta zauna.

Da layyar bara ta zo, Yaya ta yi sallama, ta aje kwano, ta ce, "Ci in gani." Na sunkuyar da kai na ce cikina ba daɗi. Jama'a, matar da ta goya ka ta san ƙaryarka tun kafin ka buɗe baki. Ta dube ni, ta rufe kwanonta a hankali, ta ce, "To, Allah shi ba da lahiya." Ta fita da shi. Rifkatu ta bi ta da kallo, ta juyo ta ce, "Baban Saratu, mi ka yi haka?"

Abin da ya ƙara ruɗa ni, yatsan bai tashi ba a wannan karon. Sai na ce a raina ashe gaskiya ne. Yaya kuwa in mun haɗu a hanya gaisuwar maƙwabta take yi mini. Wannan ya fi mini ciwon ƙafa zafi.

Sai ga Nowel, wato Kirsimeti. Kun tuna bijimin da muka yanka a nan filin majami'a. Iyayenmu mata, da yake sun san halina, suka cika mini kwano da hanta. Fasto da kansa ya sa albarka a abincin. Na ci, na ƙara, na bi da lemo. Washegari yatsa ya tashi, wannan karon har da idon sawu! Ina kwance ina nishi na ce wa Rifkatu, "To wanga kuma wa ya yi mini? Zumuntar mata?"

Ta yi dariya, ni ma na fara, sai dariyar ta koma kuka. Durƙuso ba ya yiwuwa, a kwance na yi addu'a, ƙafa bisa matashi. Na ce, "Ya Ubangiji, na zargi hannun da ya ciyar da ni. Ka gafarta mini. Ka nuna mini gaskiyar ciwon nan, kuma ko ƙafar ba za ta warke ba, ka maido mini da yayata." Ban ji murya daga sama ba. Muryar Rifkatu na ji, tana faɗin abin da ta yi shekaru tana faɗa: mu tafi likita. Ranar ne Allah ya buɗe mini kunne.

A amalanken jaki aka kai ni. Majo, babban ma'aikacin jinyarmu, ya duba, ya tura ni Maraɗi awon jini. Can likita ya ce sunan ciwon gut da Faransanci. Ya ce akwai wani datti da jiki ke yi, ƙoda ke fitar da shi ta fitsari. In ya yi yawa cikin jini sai ya daskare a gaɓa kamar ƙananan allurai, kuma ya fi son babban yatsa. Ni tela, da ya ce allurai na gane nan take. Kayan ciki, jan nama mai yawa, giya, lemo mai sukari, ƙiba da ƙarancin shan ruwa, duk suna tayar da shi. Ya ce in an bar shi yana lanƙwasa gaɓoɓi, ya fito da ƙulli, ya sa tsakuwa a ƙoda, kuma sau da yawa tare yake tafiya da hawan jini. Ƙwayoyin talla da nake sha kuwa, ƙodar suke ƙara wahalarwa.

Ya ba ni magani iri biyu, ɗaya na lokacin da ciwo ya tashi, ɗaya na kullum, ko ina jin lafiya kada in bari. Sannan ya tambaya ko akwai mai irinsa a gidanmu, don yana bin jini. Na ce ban sani ba.

Da na iya takawa, gidan Yaya na fara zuwa. Na gaya mata komai, har abin da na zarga. Sai ta ce, "Miƙo ƙahwar." Ta riƙe ta a cinyarta tana dubawa.

"Yatsan Baba ne," ta ce. "Haka nashi ke yi, har sai an yanke mishi bakin takalmi. Duk gadon Baba, abin da ka samu ke nan?" Tana dariya tana share ido da mayafi. "Kai Dauda, ni zan cuce ka? Ni da ka jiƙa wa zane ba adadi?"

Yanzu ina shan magani, buta cike da ruwa tana kusa da keke, hanta kuwa mun yi sallama. Iyayenmu mata, na roƙe ku, Nowel mai zuwa ku ji tausayina! Ciwon bai sake kwantar da ni ba. Haleluya!

Amma da layyar bana ta matso, tsoro ya kama ni. Abin da take kawowa an hana ni, to me zai kawo ta? Na zauna bakin tabarma ina sauraron ƙofa. Sai na ji sallama. Kwanon nan ne dai. Ta buɗe, kwaɗon zogale ne, bisa kansa 'yar tsoka ƙarama.

Ta ce, "Na tahi na tambayi majo da kaina. Ya ce wanga ba komi. Ci in gani."

'Yan'uwa, in gaɓarku ta kumbura tana zafi, ku yi addu'a, ku tashi ku je likita, kada ku zargi mai ƙaunarku. Ku dogara ga Yesu, yana jin addu'ar wanda ko durƙuso ba ya iyawa. Abu biyu na roƙe shi ina kwance, har na ce ko ɗaya ya ba ni ya isa. Ga ƙafa cikin takalmi, kuma Yaya ba ta tashi ba sai da ta ga na cinye. Na gode wa Ubangiji. Amin!